An Karya Hannun Yayana Saboda Taurari

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Isyaku daga Ƙafin Maiyaki.

Yayana, Malam Sabi'u, malamin firamare ne. Shi ya gayyato mutanen wani ƙaramin gidan tarihi, masu na'urar da ke haska taurari a rufin ɗaki. Ranar kasuwa suka zo, suka toshe tagogin aji da barguna, yara suka shiga. Da ɗakin ya yi duhu, wata yarinya ta tsorata ta ƙwalla ƙara. Nan take labari ya kai kasuwa wai ɓarayin yara sun kulle ɗalibai.

Jama'a suka taho da sanduna da adduna, suka ɓalle ƙofa. Yayana ya tare su yana cewa, "Ku tsaya, karatu ne!" Babu wanda ya saurara. Suka farfasa na'urar, suka fasa wa baƙo ɗaya kai, jini har kan benci. Ina isowa na ga an sauke wa yayana gora a hannu, ƙashi ya karye. Wanda ya buge shi kuwa surukina ne, mahaifin matata.

Jiya ya zo da goro, ya ce, "Isyaku, jikata na cikin ajin a lokacin, hankalina ne ya gushe." Yayana ya yafe, amma mahaifiyarmu ta ce sai kotu. Matata ko abinci ba ta iya ci.

Don Allah masu sauraro, wa zan bi?