Rabon Karatu

A wurin jiran mota, wani dattijo ya daɗe yana kallon ɗalibin da ke gefensa yana ta fama da ƙaton littafi.

"Yaro, lafiya dai?"

"Jarrabawa ce gobe, Baba. Shari'a da tattalin arziki."

"Sai yau ka fara karatun?"

"A'a, raba shi muka yi da abokina, kowa ya ɗauki rabi, yau mu koya wa juna. Ni na haddace shari'a tsaf."

"Madalla. Shi fa?"

"Shi ma shari'ar ya haddace."

Dattijon ya gyara zama.

"In ka faɗi fa?"

"Yayana ya ce shagonsa zan koma. Tayoyin mota yake sayarwa."

"To, da sauƙi. Ba su da nauyi sosai in mutum ya saba."