Sunan Sada a Bayan Allo

Shatu: Salamu alaikum. Sada, kana ji na?

Sada: Wa alaikumus salam. Yaya Shatu, ina wuni?

Shatu: Lafiya lau. Ya hanya? Ya ruwa?

Sada: Alhamdulillahi. Ina Kongolam tun safe, motar hodar fi-o-fi da nake zuba allon silin da ita ta maƙale a boda. Ya ƙafar taki?

Shatu: Kafa? Kafa me?

Sada: Ƙafarki na ce!

Shatu: Au, da sauƙi. Layin ne. Ya su Maijidda?

Sada: Suna lafiya. Yaya, ba kya kira da rana haka kawai. Me ya faru?

Shatu: To... silin ɗin masallacin Baure ne ya rufto jiya bayan la'asar. Ya fasa wa ladan kai, amma yana magana.

Sada: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya. Wa ya yi musu aikin?

Shatu: Da suka juya allunan silin ɗin, sunanka ne a baya.

Sada: Sunana? Ban taɓa kai allo ko ɗaya Baure ba.

Shatu: An rubuta da ƙusa tun yana ɗanye, yadda kake yi. Kwamitin masallacin sun kai ƙara kotun shari'a, jibi za a kira ka.

Sada: Mutum ɗaya ne ya iya hannuna. Badarunki ne ko?

Shatu: Yaro ne, Sada.

Sada: Yaron da ke da 'ya'ya biyu? Shekara tara yana gefena. Na koya masa kwaɓi, na koya masa shimfiɗa zaren filas sau biyu don allo ya riƙe kansa, na ce da damina sai ya kwana bakwai yana shan iska. Nawa ya ba su?

Shatu: Kwana biyu, in ji shi. Suna gaggawa saboda azumi. Zaren kuma ya yanke masa.

Sada: Shi ne ya rataya danshi a kan masallata, ya sa sunana.

Shatu: Ba mai sayen allo a Daura in ba sunanka. Ka ce kuskuren ma'aikata ne, kai ana jin nauyinka. Shi in alƙali ya ba shi rantsuwa ya ƙare. Ɗana ne, kai ne kawunsa.

Sada: Ni kuma in yi ƙarya gaban Alƙur'ani? Tsaya. Da me ya zuba su? Abin zubina yana kulle a rumfa.

Shatu: Hello? Ba na ji...

Sada: Kina ji. Lokacin da aka kwantar da ni a asibiti, wa na ba makullin?

Shatu: Ni.

Sada: A ina aka shanya su?

Shatu: Sada, ka yi wa Allah.

Sada: Ran da aka sallamo ni, gidanki na fara sauka. Na ga fari a tsakar gida har jikin randa, kika ce alabo kika shanya. Na ce ki ɗebar wa Maijidda.

Shatu: Kunya ce ta...

Sada: Washegari kika sayo alabo a kasuwa kika aiko mana. Mun ci, Yaya, har na kira na yi miki godiya.

Shatu: Me za ka faɗa wa alƙalin?

Sada: Abin da kika faɗa mini yanzu.

Shatu: Sada? Sada?