Man Suyar Gidan Oga

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Maman Sadiya ce daga Tungan Maje.

Maigidana gadi yake yi a Maitama. A gidan ogansa, da an soya kaza sau ɗaya sai madam ta ce a zubar da man. Kuku ya ga asara ce, ya riƙa tara mana a jarka. Murna muke, wai mu ma muna cin man masu kuɗi. Da shi nake soya doya da ƙosai, in tace in sake ɗorawa, har ya yi baƙi ya yi kauri. Maƙwabta ma ina tsiyaya musu.

Kwanakin baya maigidan ya fara jin ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ƙofar get ya tura sai haki. A asibiti aka ce kitse ya taru a hantarsa, jininsa kuma ya hau. Likita ta tambaye ni da wane mai nake girki. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro, ta ce, "Malama, man da ake ta maimaita suya da shi yana wahalar da hanta da zuciya. Ki daina yau."

Tun ranar ban sake taɓa man nan ba. Don Allah masana ku ba ni shawara, manja zan koma ko man gyaɗa? In kai yara a duba su? Babansu da yake ƙato ga shi a kwance. Sadiya kuwa da wannan man na yaye ta.