Macijin Laka Bayan Randar Gwaggo

Malam mai karanta mana wasiƙu a rediyo, sannu da aiki. In ajamina ya ba ka wahala, sha ruwa tukuna, muna jira.

Ni ne Haruna daga Kanvili. Da ni da abokina Fuseini muke gina dabbobi da laka muna tsorata mutane. Da aka samu 'yancin kai, babansa ya sa shi makarantar boko. Wai can ticha ya ɗora saniyar da ya gina kan tebur, yara suka tafa masa. Ni kuwa a makarantar allo, Malam taka mini kwaɗona na laka ya yi, ya ce shirme ne.

Ran Laraba na gina maciji, na shafe shi da tawada, na ajiye bayan randar Gwaggo Azara. Ta yar da moɗa tana ihu, "Wayyo, jama'a ku kawo sanda!" Na juya mu yi dariya da Fuseini, ba kowa sai akuya. Dariyar ta maƙale mini.

Masu sauraro, makarantar da ake tafa wa laka tana karɓar ƙato irina da bai san abacada ba? Fuseini, in kana ji, ka zo ran Asabar. Lakar bakin fadama ta yi laushi.