Dawakai Ɗari Biyu a Motar Marasa Lafiya

Mai girma shugaban ƙungiyar unguwa, malamanmu, iyayenmu mata, Baba Direba da ke gyangyaɗi a layin gaba, da jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni minti biyar kafin a yanke hukunci kan motarmu ta ɗaukar marasa lafiya, wadda ita kaɗai gare mu. Godiya ta musamman kuma ga ɗan ƙanwata, Injiniyan Waya, wanda ya sauke karatun kanikanci cikin mako biyu yana kwance a kan katifa yana kallon bidiyo a waya, ya kawo shawarar a ɗaura mata sufacaja, wato famfon da ke ɗura wa inji iska don ya ƙara ƙarfi.

Na farko, ku dubi takardar da ya raba muku, ku bi layin nan mai hawa kamar tudu. Ƙarfin doki ɗari biyun da ya ce famfon zai ba motar yana can ƙololuwa, inda inji ke juyi dubu shida a minti. Na tambayi Baba Direba ko allurar motar ta taɓa leƙa wajen. Ya ce, "Sau ɗaya, Malam, ranar da totur ya maƙale." Mu a juyi dubu biyu muke rayuwa, tsakanin ramin bakin makaranta da hawan bayan tankin ruwa, kuma a nan irin famfon da ya zaɓo ko farkawa bai yi ba. Dawakan suna nan, jama'a, suna nan lafiya lau, amma ba za su fito gaishe mu ba sai mun kai gudun da zai mai da direba majinyaci.

Na biyu, injin kansa. Shekararsa ashirin, fistin ɗinsa na kamfani, lagireto ɗaure da roba. Na ce, "Ɗana, zafin fa?" Ya ce, "Kawu, a bidiyo bai fashe ba." Gaskiyarsa. Wanda nasa ya fashe ba ya ɗora bidiyo.

Na uku babu wasa a ciki. Duk Litinin da Alhamis motar nan ke kai uwargidana wankin ƙoda. Shekara uku ke nan, ban taɓa jin ta ce a yi sauri ba. Cewa take, "Allah dai ya sa mu isa." Ku ɗaga hannu yadda kuka ga dama, amma ku tuna jibi Alhamis ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya, ya kuma tsare tsohon injin nan daga masoyansa. Na gode.