Baƙin Mai a Birki

A bencin shagon kayan mota, wani mai tsohuwar mota yana cika wa wani direba baki.

"Da hannuna na kwance birkinta jiya, na sa sababbin robobi. Man birki ya ƙare, na cike da baƙin mai."

Direban ya juyo. "Bawan Allah, baƙin mai kumbura roba yake yi. Sai ka taka birki ƙafarka ta nutse. Ina motar?"

"Maiɗakina ta tafi ɗauko yara da ita." Ya miƙe tsaye. "Hanyar duk gangara ce."

"To kira ta mana."

Ya kira ta. Wayar tana shiga, shiru.

"Ba ta ɗagawa in tana tuƙi," ya ce. "Ni na hana ta."