Mutumin da Ya Ƙi Kashe Inji

Assalamu alaikum. Ina gaida Liman, da dattawa, da shugaban ma'aikatan rami. Ina gaida masu bindiga da ke bakin ƙofa, tunda ba su shigo ba, ba su kuma tafi ba. Inna, matar marigayi, da ku 'ya'yansa, sannunmu da haƙuri.

Mai Inji muke ce masa. Shekara ashirin da shida yana ɗakin famfo. Ya kasance yakan ɗora sifana a jikin inji, ya kara kunne, ya gaya maka abin da zai lalace jibi. Ya kasance mai rowar magana; ko "lafiya lau" sai ka jira.

Kun san sojojin da suka mamaye mu ba don kyan fuskarmu suka zo ba. Kuzar da ke ƙarƙashin ƙafarmu suke so, shi ya sa suka toshe hanyoyi, ba shiga ba fita. Kun kuma san injin da ke zuƙe ruwa daga rami shi ne ke tura shi famfunan gari. Bututu ɗaya ne.

Wata rana mu biyar muka je wa marigayi da yashi a leda, ni makanike ina gaba. Na ce, "Yaya, zuba wa injin ya lalace. Rami ya cika, su tattara su tafi."

Ya ce, "Ƙanena, in ya tsaya, kwana uku famfonku zai ƙafe. Su da mota ake kawo musu ruwa. Kai ina za ka kai yaranka?"

Na kira shi karen soja. Shekara biyu ban amsa sallamarsa ba, alhali kullum da ruwansa nake alwala. Kunya nake ji yau. Inna, matanmu sun daina shiga gidanki. Ki yafe mana. Gaba kura, baya siyaki, haka ya zauna shi kaɗai, mu muna sha muna zagi.

Jiya aka kira ni ofis, aka miƙa min makullinsa na ɗakin famfo. Ga shi a aljihuna. Gobe da safe ni zan kunna injin. Wanda zai daina amsa sallamata, na yafe masa tun yanzu.

Na gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu. Mu kuma Allah Ya buɗe mana hanya. Amin.